Zouera Ta Tafi Yawo

Zouera ba ta iya tafiya a hankali ba. Shekara talatin da ɗaya ke nan muna zaune a bene ɗaya a Bron, a gefen birnin Lyon na Faransa, ita a hawa na huɗu, ni a na biyu, kuma ban taɓa jerawa da ita daga gida zuwa tashar taram, jirgin nan na cikin gari, ba face na isa ina haki. Gajeriya ce siririya, amma in ta sa kai sai ka ce an aike ta ɗebo wuta. In na ce ta jira ni, ta juyo ta ce, "Ku Damagarawa nawa ta yi muku yawa." Ni kuwa in ce mata mutanen Adar ba su gaji komai ba sai duwatsu, dole su koyi tsalle. Haka muke tun muna da sauran ƙuruciya. Sunana Raliatou, ina sayar da atamfa da turare a wani ɗan shago a Guillotière, kuma ina da hannu a cikin wannan labarin, hannun da ba na alfahari da shi.

An haife ta a wani ƙauye a bayan Bouza, inda gari yake kan tudu, rijiya kuma can ƙasan kwari. Tun tana shekara bakwai take sauka da tulu ta hau da shi, safe da yamma, a kan wata siririyar hanya mai tsakuwa da ƙaya. Ba ta yi boko ba. Tana da shekara ashirin da uku Malam Mounkaila, wanda yake aiki a wata masana'anta a Saint-Fons, ya je gida ya aure ta ya taho da ita. Da yaranta suka shiga makaranta sai ta samu aikin shara da goge-goge a wani dogon ginin ofisoshi, kuma har yau shi take yi. Wata rana ɗanta Ilyes ya sa mata abin ƙirga taku a waya, aka ga tana cin kilomita goma sha ɗaya a yini ba tare da ta fita daga ginin ba. Ta ce wayar ƙarya take yi, ita ba ta je ko'ina ba.

Haka Zouera take kallon tafiya. Mutum yana tafiya ne don ya je wani wuri: rijiya, kasuwa, aiki, gaisuwar mutuwa. In ta ga Turawa ranar Lahadi suna zagaya fili da takalman gudu, sai ta girgiza kai ta ce ƙoshi ne.

'Ya'yanta biyu, Leïla da Ilyes. Leïla ce 'yar fari, don haka Zouera ba ta taɓa kiran sunanta ba. "Ke" take ce mata, in kuma tana maganarta da mutane ta ce "yayar Ilyes". Ba ta yabonta a gaban kowa, ba ta shigar mata faɗa. Mu da muka tashi a gida mun san wannan kunya ce, kuma mun san sau da yawa wanda ba a kiran sunansa shi ne a can cikin zuciya. Amma yarinyar a Lyon ta tashi, inda uwaye ke tsayawa a ƙofar makaranta suna ƙwala sunan 'ya'yansu suna sumbatarsu. Tana shekara tara ta same ni a matakala ta ce, "Tanti, don me Inna ba ta son sunana?" Na yi dariya na ce kunya ce. Ta ce kunyar me? Na ce ta wuce ta ba ni wuri, miyata za ta ƙone.

Duk da haka, a cikin yaran unguwar nan babu mai Hausar Leïla. Nawa 'ya'yan uku ne, in ka yi musu Hausa su ba ka amsa da Faransanci, har na gaji na bari. Ita kuwa nacewa ta yi. Tana da wani ƙaramin littafi da take rubuta duk kalmar da ta ji a bakin ubanta. Tana mayar da mace namiji, ta ce "rana ya fito", amma ba ta jin nauyin buɗe baki. Bayan Malam Mounkaila ya rasu, shekara shida ke nan, sai ta ƙara riƙe harshen. Ta gama karatu ta samu aiki a wani asibiti a Paris, tana koya wa masu karaya da masu shanyewar jiki yadda za su sake taka ƙasa. Kowace Lahadi da la'asar ta kira uwarta, su yi awa guda suna hira da Hausa, ina jiyo dariyar Zouera ta taga.

Abin ya faru ne a sunan jikar Hajiya Batula. Hajiya Batula 'yar Kano ce, babbar 'yar kasuwa, ta kama zaure guda a nan Bron, mata sun fi sittin. Leïla ta zo daga Paris, ta sha leshi, ta durƙusa ta gaida manya ɗaya bayan ɗaya yadda ya kamata. Hajiya ta ji daɗi, ta jawo ta kusa ta ce, "'Yata, shekara kusan talatin, ke kaɗai a Paris. In ba kya wajen aiki, me kike yi?"

Leïla ta gyara zama, fuskarta ta washe, don an taɓo abin da take so. Ta ce, "Yawo nake yi, Hajiya. Kowane wata sai na tafi yawo. Wani lokaci ni kaɗai, wani lokaci da mutane, maza da mata, mu kwana uku ba mu dawo ba. Ina son yawo ƙwarai. Duk cikinmu ni na fi iyawa."

Ba sai na faɗa wa Bahaushe abin da ake nufi in an ce mace tana yawo ba. Kowa a zauren ya san ba abin da yarinyar take nufi ke nan ba, ni ma na sani, don na sha ganin hotunanta da jaka a baya a kan duwatsu. Amma ni ce na fara fashewa da dariya, har da tafa hannu, na ce, "To, Allah ya shirya, ga mai faɗin gaskiya." Sai zauren ya ɗauka. Wata ta ce ko a Sabon Gari ba a tallan abin haka. Leïla tana ta dube-dube tana murmushi, ba ta san me ya faru ba, har sai da wata sa'arta ta raɗa mata a kunne. Na ga lokacin da murmushin ya bar fuskarta. Ta juya ta dubi uwarta.

Zouera tana zaune da faranti a cinya. Da 'yar wata ce, na san da ta tashi ta wanke mu tas, don bakinta ba ya raga wa kowa. Amma 'yar farinta ce, a gaban mutane. Ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, "Ke, tashi ki ba mutane wuri. In ba ki iya magana ba, ki yi kurum."

Leïla ta tashi ta ɗauki jakarta. Ba ta yi kuka ba, ba ta buga ƙofa ba. Ta koma Paris a jirgin yamma.

Ranar Lahadi ta kira kamar kullum. Zouera ta ɗauka ta ce, "Kin wuni lahiya?" Leïla ta ce, "Bonjour maman, ça va?" Zouera ta zaci wasa ne. Ta yi mata Hausa, yarinyar ta mayar da Faransanci, cikin ladabi, ba fushi a muryarta. Mako ya zagayo, haka. Wata ya wuce, haka. An ce mata in ba ta iya ba ta yi shiru, ta kuwa yi shirun.

Wanda bai san Zouera ba zai ce ai ba wani abu ba ne, shekara talatin tana ƙasar. Amma Faransancinta na aiki ne. Ta san sunan bokiti, da mabuɗi, da hawa na nawa, da ranar da ake fitar da shara. Ba ta da Faransancin da za ta ba da labarin mafarkin da ta yi, ko ta yi tsegumin Hajiya Batula, ko ta ce ta tuna mijinta. Hirar awa guda ta koma minti huɗu: lafiya, lafiya, aiki, sanyi, sai Lahadi. Yarinyar ba ta yanke zumunci ba. Tana zuwa da salla, tana kawo tsaraba, tana duba mata gwiwa. Harshen kawai ta janye, kuma da shi ne kaɗai uwar take iya isa gare ta.

Wata goma sha huɗu aka yi a haka. Zouera ta rame. Wata rana muna tsinke zogale a kicin ɗina ta ce, "Raliya, ɗiyata tana da rai, amma gaisuwar ma'aikata muke yi." Na ce ta ba ta haƙuri mana. Ta ce, "Da wane baki? In na hwaɗi da Hausa, ta maido mini da nasaranci. In na ce da nasaranci zan hwaɗi, pardon ɗai na sani, shi kau wanda ka taka ma ƙahwa cikin taram aka ce ma shi." Magana zarar bunu ce, kuma ni na fara zaro wannan.

Ilyes ne ya kawo mafita ba da niyya ba. Yana nuna wa uwar hotunan da yayarsa ta sa a waya, sai ga wani: siririyar hanya a gefen dutse, ƙaya mai rawayan fure hagu da dama, can ƙasa kuma ruwa. Zouera ta karɓi wayar ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wagga ai hanyar rijiyarmu ta." Ilyes ya ce tsibiri ne a tekun Bretagne, sunansa Belle-Île, kuma Leïla za ta koma can a watan Mayu. Zouera ta ce ya rubuta mata cewa za ta bi ta, tana so ta ga yawon nan da idonta, gani ya kori ji. Ilyes ya ce wasa take yi. Ta ce ya rubuta ko ta ci mutuncinsa. Amsar Leïla ta zo bayan kwana biyu, gajeriya: ranar tafiya, lokacin jirgi, da tambayar lambar takalmin uwarta.

Hutun da Zouera take tarawa don zuwa gida duk bayan shekara biyu, shi ta gutsura. Ni na raka ta sayen kaya. Na so a ce kun ga Zouera a gaban madubi da takalmi mai wuya kamar na soja, da wando a ƙarƙashin zane, tana taka ƙasa tana ɗaga ƙafa kamar kazar da aka ɗaura wa tsumma. Leïla ta aiko da jerin abin da za a sa a jaka, ta ja kunne kada a ƙara komai. Zouera ta ƙara kilishi, da dambun nama, da garin yaji, da buta, ta ɗaure butar a bayan jakar da igiya.

Sauran labarin daga bakinta na ji shi, wani kuma daga bakin Leïla daga baya, kuma inda suka saɓa na fi gaskata yarinyar.

Zouera ta shiga jirgin ƙasa a tashar Part-Dieu ta Lyon, Leïla ta tare ta a Paris. Washegari suka kama wani jirgin zuwa yamma, sannan mota, sannan jirgin ruwa. Shekara talatin da ɗaya a Faransa, Zouera ba ta taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgin sama. Ta ce ba ta ji tsoro ba. Leïla ta ce tun da aka kwance igiya har aka ɗaure ba ta saki ƙarfen kujera ba, carbi kuma ya sha wuya.

Hanyar tana bin bakin tsibirin ne ta zagaye shi kaf. Leïla ta tsara musu kwana huɗu a gefen da ke fuskantar babban teku, inda babu gari sai jefi-jefi, kuma saboda uwarta ta yanka tafiyar ƙanana, kilomita takwas a yini, su kwana a ɗakunan haya a ƙauyukan da ke ciki. Ranar farko kafin azahar sun cinye takwas ɗin. Igiyoyin jakar sun dami kafaɗun Zouera, sai ta tsaya ta naɗe ɗankwali ta yi gammo, ta ɗora jakar a ka, ta wuce gaba hannu sake, buta tana lilo. Hanyar ba ta da shimfiɗa: ta hau dutse, ta gangara kwari, ta sake hawa, sau ashirin a yini. Matasa masu sanduna bibbiyu suna tsayawa su huta, ita tana wuce su. Leïla, wadda ta fi kowa iyawa, a baya take.

Abu biyu suka ba ta mamaki. Na farko iska, wadda ta ce ba ta da ladabi, ba ta hutawa, kuma ta mayar mata da zane tuta har sai da ta haƙura ta ɗaure shi a ƙugu. Na biyu gaisuwa. Duk wanda suka haɗu da shi sai ya dube ta a ido ya ce bonjour. Ta ce irin mutanen nan ne suke tsallake tsummanta kowace safiya ba su gan ta ba, ashe gaisuwarsu a daji suke ajiye ta.

A ƙarshen kowane kwari akwai ɗan bakin ruwa a ɓoye tsakanin duwatsu, wani yashi fari, wani tsakuwa, wani ba ya wuce faɗin tsakar gida. Mota ba ta zuwa, sai mai ƙafa. Sukan sauka su tarar babu sawun kowa sai na tsuntsaye. A irin wannan wurin Zouera ta fara alwala da ruwan teku, ta kurkure baki ta tofar, ta ce wannan ruwan miya ne aka manta ba a sa kuka ba. Ta yi salla a kan yashi, suka ci kilishi da burodi. Ita tana ta zuba Hausa, tana faɗin wace ƙaya ce ta yi kama da ta gida, wane dutse ne ya yi kama da wanda akuyar kakarta ta faɗo daga kansa. Leïla tana saurare, tana cewa "oui, maman", "attention, maman". Kwana biyu ba ta yi kuskuren sakin kalmar Hausa ko ɗaya ba. Taurin kan kuwa ba daga nesa ta ɗauko shi ba.

A rana ta biyun ne Zouera ta tambaye ta inda hanyar take zuwa. Leïla ta nuna mata a taswira da yatsa: ta tashi daga nan, ta zagaya, ta dawo nan. Zouera ta ce, to wa ake zuwa gani? Babu kowa. Me ake ɗaukowa? Babu komai. Ta ci gaba da tafiya.

Ta gaya mini cewa daga nan har washegari aiki ɗaya take yi a cikin kanta. Tana neman kalmar da ya kamata yarinyar ta faɗa a gaban Hajiya Batula. Tafiya ce? Mai tafiya yana da inda za shi. Ziyara tana da mai masauki. Fatauci yana da kaya, kiwo yana da dabbobi, farauta tana da nama. Shan iska na ƙofar gida ne, ba a ɗaukar masa jaka. Ta juya Hausarta kaf, ta Adar da wadda ta tsinta a bakinmu, ba ta samu ba. Mutum ya fita, ya zagaya, ya kalli abin da Allah ya yi, ya dawo inda ya tashi, sunan abin yawo. "Raliya," in ji ta, "ɗiyar nan daidai tac ce. Mu munka ɓata kalmar, kuma munka yi mata dariya don ta ɗauko ta da tsabtarta." Ta so ta faɗa mata a nan take, sai ta ji bakin ya yi nauyi. Uwa ba ta saba ba, balle ga 'yar fari.

Rana ta uku da hantsi suka gangara wani bakin ruwa mai tsawo, wanda wani baƙin dutse ya raba biyu. Ruwa ya janye can nesa, don tekun nan sau biyu a yini yake tafiya ya dawo, abin da Zouera ta ce ba ta yarda da shi ba tun ranar farko. Ta zauna a kan wani falalen dutse a sama ta cire takalmi tana shan iska. Leïla ta ajiye jaka ta sauka, ta bi yashi ta zagaya bayan baƙin dutsen, tana duba wasu ramuka da ruwa ya bari.

Daga inda Zouera take tana ganin abin da na ƙasa ba ya gani. Ruwan ya juyo. Bai zo da hayaniya ba, wani siririn harshe ne ya biyo gindin dutsen, ta bayan yarinyar, yana cika hanyar da ta bi. Zouera ta san irin wannan zuwan. A kwarin garinsu, in an yi ruwa a kan tudu, haka yake fara gangarowa kamar wasa, kuma ta san mutum biyu da ya tafi da su. Ta miƙe ta ce, "Ke." Iska ta kwashe. Ta ƙara murya, "Ke, wagga." Leïla tana duƙe, ta ba ta baya. Ta tafa hannu, ta kaɗa ɗankwali, a banza. Babu kowa a wurin da za ta ce ya kira mata yayar Ilyes.

Sai ta cika ƙirji ta kira sunan. Ta ce ta ji shi baƙo a bakinta kamar ba ita ta yi shekara talatin tana faɗinsa a zuci ba.

Leïla ta miƙe tsaye cak, ta juyo. Kafin ta yi tunani bakinta ya riga ta. Ta ce, "Na'am."

Gaskiyar magana, babu wani hatsari. Yarinyar tana da lokutan ruwan a wayarta, ta san tana da sauran kusan rabin awa, kuma da ta tako ruwan iyakarsa idon sawu. Zouera har yau cewa take ya kai gwiwa. Leïla ta hau dutsen ta zauna kusa da uwarta, ƙafafunta a jiƙe. Suka yi ta kallon ruwa yana shafe sawunta ɗaya bayan ɗaya.

Leïla ce ta fara. Ta ce da Hausa, a hankali, kamar mai taka ƙafar da ta warke daga karaya, "Ashe kin san shi."

Zouera ta ce, "Ni na roƙi ubanki a sa miki shi. Shi wani suna ya so."

"Ba ki taɓa faɗa ba."

"Ba a hwaɗi." Sannan ta ce, tana kallon teku, "Kwana biyu ina biɗar wata kalma wadda ta hi taki, ban samu ba. Yawo sunanshi. Ke kinka iya magana ran nan, mu munka kasa. Ni ya kamata in yi kurum."

Leïla ta ce ita ba ta yi kuka ba, iska ce. Zouera ta ce ta yi, har da majina, kuma da bakin zanenta ta share. A nan na fi gaskata uwar. Da suka tashi, yarinyar ta dubi sama ta ce, "Inna, mu tafi, rana ya yi zafi." Zouera ta ce tunda take ba ta taɓa jin Hausa mai daɗin wannan ba, kuma ba ta gyara mata ba.

Zouera ta dawo Bron ta yi baƙi, leɓe a fashe, da wani farin dutse da ta tsinto mini wanda ban san me zan yi da shi ba. Mako biyu bayan haka muka haɗu a shagona, ita da Hajiya Batula da wasu mata uku da suke zauren ran nan. Hajiya ta ce, "Zouera, kwana biyu ba a ganinki, ina kika shiga?" Zouera ta ajiye atamfar da take dubawa, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kaina. Ta ce, "Yawo na tahi. Ni da Leïla. Kwana huɗu ba mu dawo ba." Ba wadda ta yi dariya. Ni dai almakashi na ɗauka na shiga yankan yadin da ba wanda ya saya.

Da Leïla ta zo babbar salla na tare ta a matakala, wurin da ta taɓa yi mini tambaya tana shekara tara. Na ce ta yafe mini, ni na fara dariyar. Ta ce, "Tanti, ya wuce," da Hausa. Na ji kunya fiye da in da zagina ta yi.

Zouera ta koma "ke" da "yayar Ilyes", don hali zanen dutse ne, kuma ta ce sau biyu a shekara talatin ya isa. Takalman suna nan a bakin ƙofarta, ta cusa musu jarida. Ranar Lahadin da ta wuce na hau karɓo tukunyata da la'asar, na tarar da ita a kan kujera, waya a kunne, ƙafa a miƙe. Ta yi mini alama da hannu in ɗauka in tafi. Na ɗauka na sauko, na ɗora girki, na sauke. Har lokacin ina jiyo dariyarta ta taga.